Alam ko kulorin, wanne ake fara zubawa idan ruwan dam ya koma kore?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan maganar tun bazarar bara take cina a rai, sai yanzu na samu zama na rubuta ta, ganin zafi ya sake kunno kai kuma nasan abinda ya same mu yana samun garuruwa da yawa a Kano da Jigawa. Ƙauyenmu a yammacin Kano yake, muna da tuƙa-tuƙa biyu da burtsatse ɗaya mai sola, amma daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko ƙasa janye ruwa take yi, layin jarkoki ya kai har bakin masallaci, dole mutane su koma ɗan dam ɗin ƙasa da ke bayan gari wanda asalinsa don shanu aka tare shi. To a daidai wannan lokacin ne kuma ruwan dam ɗin yake juyewa ya koma kore shar kamar an kaɗa miyar kuka, ga wani wari kamar na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a yashe ba.

Kwamitin ruwa na gari suka yi karo-karo aka sayi tankin roba biyu masu cin lita 5,000 kowanne, da ɗan injin jan ruwa. Sai gardama ta tashi a kan me za'a riƙa zubawa. Baffana shi ne shugaban kwamiti, shi a ganinsa kulorin ne magani, kana zubawa koren yana dusashewa kana kallo, kuma shi ma'aikatan lafiya suke kawowa lokacin amai da gudawa. Ni kuma da na ɗan karanci kimiyya na kuma taɓa zaman koyon aiki a wani gidan ruwa nace masa Baffa kayi haƙuri, kulorin yana da wajensa amma ba shi ne na farko ba. Yace to ɗana ka zo da hujja. Hujjar ce wannan, kuma zan jera duk abubuwan da muka auna da juna don wanda zai yi zaɓi a garinsu ya san me yake saya.

Da farko ruwa baya tsami banza. Koren nan rayayyen abu ne, kuma abincinsa shi ne takin da ke gangarowa daga gonakin rani, NPK da yuriya, da kashin shanun da ke shiga har tsakiyar ruwa, da ruwan omo na masu wanki a bakin dam. Ka haɗa wannan da rana mai zafi da ruwan da yake tsaye yana ƙafewa kullum, shikenan ka gama haɗa masa gona. Ba manyan dam irinsu Tiga da aka kammala a 1974 ko na Challawa da ke Karaye na 1992 nake nufi ba, ina magana ne akan ƙananan dam na ƙasa da tafkuna da kududdufai marasa zurfi da muke sha a ƙauye.

Kuma duk mu gansakuka muke ce musu amma iri biyu ne, sanin bambancinsu kuwa shi ne rabin aikin. Ka samu sanda ka tura cikin koren ka ɗago. In ta fito da zare-zare kamar gashi yana lilo, wannan gansakuka ce ta gaske, tana toshe bututu tana ɓata ɗanɗano amma galibi ba ita ce mai dafi ba. In kuwa sandar ta fito kamar an tsoma ta a fenti, ba zare, ruwan kansa ne ya yi kauri, to ka yi hattara. Ka ɗebi ruwan a kwalba ka ajiye ya kwana, in da safe koren ya taso sama ya yi layi a wuyan kwalba, alama ce ta irin da masana ke kira sayanobakteriya, ƙwayoyin bakteriya ne masu cin hasken rana kamar tsiro, suna da 'yan jakunkunan iska a cikinsu shi yasa suke tasowa. Wannan gwajin alama kawai yake bayarwa, ɗakin gwaji ne ke tabbatar da dafi, amma ya isa yasa ka canza taku.

Wasu daga cikin irin nan suna yin dafin da ake kira maikirosistin, hanta yake kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikirogiram 1 a lita ɗaya ga ruwan da ake sha yau da gobe, kuma maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, kaga abu ne da ido ba zai taɓa gani ba. A 1996 a garin Karuwaru na Barazil sama da mutum 50 masu wankin ƙoda suka rasu saboda ruwan da aka yi musu aiki da shi yana ɗauke da wannan dafin. A watan Agusta na 2014 birnin Toledo na Amurka, kusan mutum dubu ɗari huɗu aka hana su shan ruwan famfo na wajen kwana uku, har da gargaɗin kada su tafasa, domin tafasawa bata kashe wannan dafin, ruwa ne ke tafiya a tururi shi ya zauna. Wannan ita ce maganar da tafi ɗaga wa iyayenmu mata hankali da na faɗa musu, don mu duk mun tashi akan in ka tafasa ruwa ka gama da shi. Ga ƙwayoyin cuta gaskiya ne, ga wannan dafin ba haka bane.

Yanzu ga asalin abinda gardamarmu ta rataya a kai. Ƙwayar nan tana da abu biyu. Akwai yauƙin da take fitarwa a jikinta tana raye, kamar na karkashi, ya narke a ruwa. Sannan akwai abinda ke ƙunshe a cikinta, furotin da sauran tarkace, da mafi yawan dafin, da sinadarin warin nan. Muddin ƙwayar tana da lafiya bata fashe ba, yawancin dafin yana ɗaure a ciki. Misalin da na bawa Baffa kuma nan take ya gane shi ne na maɗaciya. Mahauci in yana fiɗa lallaɓawa yake ya cire maɗaciya ɗungurungum ya jefar, in wuƙa ta huda ta kuwa ɗaci ya bi nama, wanki nawa zaka yi. To alam cire maɗaciya yake yi ba tare da ya huda ba. Kulorin in ka fara da shi huda ta yake yi a cikin naman.

Bari na ɗauki alam, wanda wasu ke ce wa alif. Aikinsa duk matar da ke yin awara ta san shi, kina zuba ruwan tsami a madarar waken suya sai ta tsinke ta dunƙule ruwa ya ware. Ƙwayoyin gansakuka da laka suna ture juna ne a cikin ruwa shi yasa basa kwanciya ko ka ajiye ruwan kwana biyu, alam yana kashe wannan turewar sai su manne su zama curi-curi kamar auduga su sauka ƙasa. Wajen kwashe ƙwayoyin da basu fashe ba alam gwani ne, in an dace da ma'auni yana kwashe mafi yawansu. Yana da araha, akwai shi a kowace kasuwar ƙauye, baya lalacewa a ajiye, kuma mutane sun saba da shi ba sai ka yi ta lallashi ba.

Amma yana da raunin da dole a faɗa. Na ɗaya, abinda ya riga ya narke a ruwa, dafi ko wari, alam kusan baya taɓa shi, ruwa zai yi garau amma abin yana nan. Na biyu, yauƙin nan da furotin suna kama alam ɗin su riƙe shi tun kafin ya kai ga ƙwayoyin, shi yasa zaka ga ma'aunin da ya wanke maka jan ruwan damina ya kasa komai a koren ruwan bazara, sai ka ninka. Na uku kuma mutane basu cika sani ba, alam yafi aiki idan ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake rubutawa pH (lambarsa tana hawa tsamin yana raguwa), yana wajen 6 zuwa 7, gansakuka kuwa da rana tana shanye iskar kabon da ke cikin ruwa sai ma'aunin ya haura har 9 ko fiye. Kenan ruwan da aka ja da la'asar yafi wanda aka ja da asuba taurin kai. Mu da kanmu mun gani, ma'auni ɗaya, na asuba ya kwanta cikin awa guda, na yamma yayi ta yawo. Sai dai da sassafe in ba iska koren yana taruwa a sama, don haka bakin tiyo a nutsar da shi ƙasa da fuskar ruwa kamar kamu biyu, kada ya taɓa laka, kuma a ja daga ɓangaren da iska ke busowa ba inda take tara kumfar ba.

Curin gansakuka bashi da nauyi kamar na laka, wani yana kwanciya wani ya taso sama, don haka ruwan kirki a tsakiya yake. Mun sa famfon tanki kamar taƙi ɗaya da rabi sama da gindi, na saman kuma a yaɗe shi da ƙwarya. Kuma don Allah kada a bar dattin nan ya kwana biyu uku a gindin tanki, ƙwayoyin mutuwa suke yi a ciki su saki duk abinda ka sha wahalar cirewa ya koma ruwan. Kullum a zubar, nesa da dam, nesa da inda awaki da kaji zasu sha.

Maganar yawan alam kuwa ba da ka ake yi ba, don wanda ake sayarwa a kasuwa ƙarfinsa ba ɗaya bane kuma ruwan kansa yana canzawa sati-sati. Ka auna giram 10 a ƙaramin sikeli ka narkar a lita ɗaya ta ruwa mai kyau. Duk mil ɗaya (wato mililita, ma'aunin da ke jikin sirinji) na wannan haɗin in ka zuba a lita ɗaya ya zama miligiram 10 kenan. Ka jera robobi biyar na lita ɗaya-ɗaya da ruwan dam, ka ɗauki sirinji, na farko mil 2, na biyu 4, sai 6, 8, 10. Ka juya da ƙarfi minti ɗaya, sannan a hankali kamar minti goma, ka barsu rabin awa zuwa awa. Mafi ƙarancin ma'aunin da ya baka ruwa garau shi zaka ɗauka, ba mafi yawa ba. A ce na mil 6 ne yayi, to duro mai lita 200 giram 12 yake so, tankin lita 5,000 kuma giram 300. In ka zarce, ruwa yayi bauri yana kama harshe, ga sauran alminiyam ɗin cikin alam da Hukumar Lafiya ta Duniya take so kada ya wuce miligiram 0.2 a lita a ƙananan gidajen ruwa. Ba'a fafe gora ranar tafiya, wannan gwajin tun yanzu ya kamata matasan kwamiti su iya shi.

Akwai 'yan uwan alam guda biyu da masu ɗan hali zasu iya dubawa. Ɗaya shi ne wanda ake rubuta PAC a jikin buhunsa, alam ne da aka riga aka sarrafa, baya damuwa da hawan ma'aunin tsami kamar na gargajiya, kaɗan ake sawa kuma curinsa yana haɗuwa da sauri, ga koren ruwa ni a ganina yafi, matsalarsa sai ka shiga birni wajen masu sayar da sinadarai kuma yafi tsada. Ɗayan gishirin ƙarfe ne, ferik, curinsa yana da nauyi yana kwanciya da kyau kuma yana ɗan fin alam janye narkakken datti, amma yana cin ƙarfe yana ɓata kaya da tsatsa, in an kuskure ma'auni ruwa yayi ja. Ga tankin ƙauye da yara matasa ke kula da shi ban bada shawararsa ba.

Zogale fa? Wannan tambayar sai da aka yi min ita yafi sau goma. Gaskiya ne ƙwayar irin zogale in aka ɓare aka daka tana dunƙule datti, akwai furotin a cikinta mai yin aikin alam, bata damu da ma'aunin tsami ba, kuma kyauta ce a bayan ɗaki. Ga randar gida ɗaya in babu alam ina goyon baya. Amma ka tuna matsalarmu tun farko ita ce tarkacen abu mai rai da ya narke a ruwa, zogale kuma ƙara nata take yi. Ruwan zogale in ya kwana biyu yana fara wari don bakteriya sun samu abinci, kuma in ka zuba kulorin a kai saurin cinye shi yake yi. Don haka na yau ne a sha yau, ba na tara lita dubu biyar ba.

To yanzu ɓangaren su Baffa, wato magungunan da ke ƙona datti ba da wuta ba. Kulorin shi ne sarkinsu a wajenmu, ko garin nan mai ƙarfi na kashi 65 zuwa 70 da ake sayarwa a bokiti, ko na ruwa irinsu WaterGuard, ko ƙwayar Aquatabs. Bara kafin mu daidaita an gwada fara zuba shi a tanki ɗaya, kuma wallahi abinda littafi ya faɗa shi muka gani da idonmu. Koren ya dusashe ya koma ruwan toka, kowa yayi murna, amma warin ƙasa-ƙasa ya ƙaru maimakon ya ragu, bayan awa ɗaya ko ƙamshin kulorin babu duk dattin ya cinye shi, da aka zo zuba alam daga baya sai ya ƙi kamawa sai da aka ƙara sosai. Dalili kuwa ƙwayoyin sun fashe, abin cikinsu ya fito ya narke, alam kuma da narkakke bashi da ƙarfi.

Warin nan sunan sinadarinsa jiyosmin, shi ne dai ƙamshin da muke ji in ruwan farko ya sauka akan busasshiyar ƙasa, shi ne kuma ɗanɗanon laka da ake ji a wata tarwaɗar. Shi kansa baya cutarwa, amma hancin ɗan Adam yana jinsa ko da 'yan nanogiram ne a lita, wato kashi ɗaya cikin dubu na maikirogiram, kuma kulorin baya iya masa. Illarsa ita ce mutane in suka ji ruwan tanki yana wari sai su ce maganin ne ya ɓata shi, su koma ɗiba kai tsaye daga dam, garin gyaran gira an rasa ido kenan.

Sai abu na biyu, kulorin in ya haɗu da tarkacen abu mai rai yana haifar da wasu sinadarai, kulorofom na cikinsu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa iyakar miligiram 0.3 a lita saboda shan su shekara da shekaru bashi da kyau. Yawan dattin da kulorin ya tarar, yawan waɗannan. In ka kwashe dattin da alam tukuna ka rage su tun daga tushe, ka kuma rage kuɗin kulorin.

Amma a nan dole na yiwa kulorin adalci, don Baffa bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Kulorin yana lalata maikirosistin da ya narke, abinda alam bazai iya ba, in dai ya samu sharuɗɗansa, wato ma'aunin tsami ƙasa da 8, kuma bayan minti 30 a tarar da saura aƙalla miligiram 0.5 a lita. Alam kuwa da kansa yana saukar da ma'aunin tsami, kaga ya share wa kulorin hanya kenan. Shi yasa nake cewa ba kishiyoyi bane, wa da ƙani ne, kowa da lokacin shigarsa. Mafi munin hali shi ne rabin aiki, ka zuba kulorin da ya isa ya fasa ƙwayoyi amma bai isa ya ƙone abinda suka zubar ba, kuma a koren ruwa mai kauri kusan kullum abinda ke faruwa kenan. Saura kulorin ana auna shi da 'yar kwalbar gwaji da ƙwayar da ke sa ruwa yayi ruwan hoda, ba tsada gare ta ba, ku nema ku ajiye. Kuma kada wani ya karanta wannan yace to na daina sa kulorin. A'a. Kwalara kwana ɗaya take kwantar da gida, mu a yankin nan mun san ta. In kulorin kaɗai gareka, ka tace ruwan da tsaftataccen ƙyalle ninki huɗu, ka bari ya kwanta, ka tsiyaye, sannan ka sa. Bilicin wanki mai turare ko mai haɗe da sabulu kuwa kada ya kusanci ruwan sha.

Akwai wani ɗan ƙunshi na kamfanin P&G mai giram 4 da ke gyara lita 10, an haɗa gishirin ƙarfe da kulorin a ciki, ka juya minti biyar, ya kwanta minti biyar, ka tace da ƙyalle ka jira minti ashirin. Lokacin ambaliya irin wadda ke samun yankin Haɗeja da Auyo da Ringim abu ne mai ceton rai ga jan ruwa. Ga koren ruwa mai kauri kuwa tunda kulorin ɗin tare yake shiga da mai dunƙulewar, ni nafi son a raba aikin biyu, kuma ba kullum ake samunsa a kasuwa ba balle a dogara da shi duk bazara.

Sai famanganet, garin nan mai launin shuni da ke rina ruwa. Shi ne wanda masana suka fi yarda a sa kafin alam in dole sai an sa wani abu, domin hannunsa da sanyi. A ɗan ƙaramin ma'auni, wajen miligiram 1 a lita, yana kashe kuzarin ƙwayoyin ya sassauta yauƙin jikinsu ba tare da ya fasa yawancinsu ba, sannan shi kansa yana juyewa ya zama wani baƙin gari mai nauyi da ke manne wa curi ya taimaka masa ya nutse, wannan kuwa daidai matsalar curin da ke tasowa sama ce. Yana kuma taɓa maikirosistin, baya haifar da su kulorofom. Toh me ya hana mu ɗauka? Tazarar da ke tsakanin daidai da zarcewa siririya ce. Ka ɗan ƙara, ƙwayoyi su fashe kamar na kulorin, ruwa ya fito ruwan hoda, manganis, sinadarin da ke cikin garin, ya saura ya baƙanta tanki da fararen kaya, kuma yawansa bashi da kyau musamman ga jarirai. Sannan ba'a dogara da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta, dole dai ka dawo ga kulorin a ƙarshe. Ga ƙaramin gidan ruwa na ƙaramar hukuma mai ma'aikacin da ya san aiki da famfon auna magani da matatar yashi, famanganet kaɗan sannan alam ko PAC sannan yashi sannan kulorin, wannan layi ne mai kyau. Ga tankinmu da ake aunawa da hannu, nace a'a.

Ozon, wato iskar da ake hurawa cikin ruwa don ƙona datti, ba sai na daɗe a kansa ba. Yafi su duka ƙarfi, yana gamawa da dafi har da warin, amma a wajen ake haɗa shi da inji mai shan wuta ba ƙaƙƙautawa, yana fasa ƙwayoyi shi ma, yana kuma farfasa datti ya zama abincin bakteriya sai an bi shi da matata. Garin da cajin waya sai an kai shago ba maganar ozon ake ba.

Abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya, kada a zuba maganin kashe gansakuka a cikin dam ɗin kansa. Wani ya kawo shawarar shuɗin gishirin tagulla da ake sa wa tafkin kifi, wai a kashe ta tun daga can. A 1979 a tsibirin Pam na Ostireliya haka aka yi wa dam ɗin da suke sha, bayan 'yan kwanaki sama da mutum 100 yawancinsu yara aka kwantar a asibiti da ciwon hanta da ƙoda. Huda maɗaciya ce a dam guda. Makiyaya ma a gaya musu, in kumfar ta taru kamar fenti a gefe ɗaya su kai shanu ɗaya gefen, dabba tana shan mai kaurin ne kai tsaye, kuma a 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botsuwana hukumomin ƙasar suka ɗora abin akan irin wannan dafin.

Ga warin da ya ƙi tafiya, abinda ke kama shi da gaske shi ne gawayin da aka sarrafa a masana'anta, mai ƙananan ƙofofi, yana tsotse jiyosmin da dafin duka, amma yana cika sai an canza shi. Gawayin girki da aka daka yana ɗan taimakawa amma kada a ɗauka ɗaya suke. Kuma akwai dabarar kakanninmu da har yanzu tafi wasu magungunan, a tona rami a yashi 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa a bari ya tsattsafo. Yashi yana tare ƙwayoyin basu fashe ba, bakteriyar cikin ƙasa kuma suna cin wani ɓangare na dafin da warin. Inda bakin dam yake da yashi ba taɓo ba, ruwan ramin nan in ka kawo shi tanki alam kaɗan zai ci.

Abinda muka tsayar a garinmu kenan bayan zama biyu a ƙofar gidan mai unguwa. Ana jan ruwa da asuba daga ƙasan fuskar ruwa zuwa tanki na farko, a zuba alam gwargwadon gwajin robobi na wannan satin, a juya da dogon itace, a barshi awa biyu, a tsiyayo tsakiyar ta cikin duro mai yashi da tsakuwa zuwa tanki na biyu, a can ne kulorin ke shiga, a jira rabin awa a gwada saura kafin a buɗe wa mata famfo. Ruwan burtsatse kuma an ware shi don sha ga jarirai da masu ciki da masu ciwon hanta ko ƙoda, su basa shan na dam ko an gyara. Ranar da aka wayi gari kumfa ta rufe dam kamar fenti ko aka ga matattun kifi a gefe, ranar ba'a ja kwata-kwata, na tanki sai wanki, sha kuma a bi layin tuƙa-tuƙa ko a sayi na 'yan garuwa daga garin da ke kusa. Baffa da kansa yake riƙe da mukullin ɗakin da ake ajiye kulorin yanzu, kuma shi ne yake hana yara zuba shi a tanki na farko. Abinda ya rage mana bana shi ne shingen ƙaya da kwamin shayar da shanu a ƙasan dam don su daina shiga cikin ruwan, mun fara magana da ardo, yace a bari a gama girbin albasa a zauna.